Laftof ɗin Mai Takaba

Ranar da aka kai Zulai makwancinta, mutanen da suka dawo daga maƙabarta ba su watse ba. Suka zarce ƙofar gidan Asta suka tsaya cirko-cirko, ƙasar kabari ko bushewa ba ta yi a ƙafafunsu ba. Wani ya samo baƙin man mota ya rubuta "munafuka" a jikin katanga. Ita kuwa Asta tana ciki tana takaba, kwana saba'in da uku da rasuwar mijinta, ko zaure ba ta leƙowa.

Ga abin da ya faru. Makonni uku kafin nan, saƙo ya fara shiga wayoyin wasu mutane a Jalingo. Duk wanda ya taɓa yin gwajin jini a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, aka same shi da cuta mai karya garkuwar jiki, sai ya ga hoton takardar sakamakonsa a waya, da gargaɗi a ƙasa: ya biya, ko a watsa. Mutum sittin da uku aka yi wa haka. Masu hali suka biya suka yi shiru. Zulai mai ɗinki ce, da cikin wata bakwai, ba ta da abin biya. Aka jefa takardarta a zauren wasaf na unguwa. Mijinta ya fito mata da kaya da tsakar rana, mutane suna kallo. Kwana biyu bayan haka naƙuda ta zo mata ba lokaci ba, ta tafi ita da abin da ke cikinta.

Shi ɗakin gwajin ba shi ke shigar da sakamako a kwamfuta ba. Kwangila ya ba ƙaramin kamfanin Alhaji Zainulabideen, mai ma'aikata bakwai, kowa yana aiki daga gidansa da laftof ɗin kamfani da lambar sirrinsa. Da 'yan sanda suka duba, sai suka ga da laftof ɗin Asta da lambarta aka kwashe sunayen. A garin nan kuwa magana ba ta kwana a bakin mutum ɗaya. Aka sa ranar Litinin za a gurfanar da ita a kotu, takaba ko ba takaba.

Ranar Alhamis kamfanin inshora ya aiko Njidda.

*

Njidda ɗan Iware ne, dogo, mara yawan magana, irin mutanen da ke kallon ƙasa in ana yi musu bayani har mai magana ya tsargu. Mahaifinsa mai bin sawu ne. In an kore shanun wani, shi ake kira tun raɓa ba ta bushe ba, kuma Njidda ya bi shi dawa shekara goma kafin boko ta ja shi. Yanzu aikinsa shi ne in wani ya ce an yi masa kutse a kwamfuta, yana neman inshora ta biya, sai a turo shi ya gano ta ina aka shiga. Abokan aikinsa na Abuja suna yi masa tsiya, wai makiyayin kwamfuta. Bai taɓa jin haushi ba, don shi ma haka yake ganin kansa.

Ofishin Alhaji Zainulabideen ɗaki ɗaya ne a saman bene, da tebur da fanka da kujerun roba. Iyayen Alhaji Kanawa ne da fatauci ya kawo, shi kuma nan aka haife shi. Mutum ne mai fara'a, amma ranar fara'ar ta gudu ta bar shi.

"Malam Njidda, ka ga yadda Allah Ya yi da ni," in ji shi. "Masu ɗakin gwaji sun kai ni ƙara. Mutanen da aka tona wa asiri kowa da lauyansa. In inshora ba ta biya su diyya ba, na rufe ke nan, gida bakwai sun rasa abinci."

"Kana ganin ita ce, Alhaji?"

"Ni ban ce ba. Kwamfuta ce ta ce." Ya jawo takardar inshorar daga aljihun tebur, ya buɗe ba tare da lalube ba. "Shafi na tara. In kutse ne daga waje, za ku biya. In ma'aikaci ne ya ci amana, za ku biya. To ga shi ma'aikaciya ta ci amana."

"Akwai layi na uku a shafin."

"Na sani."

"In mai kamfani da saninsa ya bar ma'aikaci ya yi aiki da lambar sirrin wani, ba ma biya."

"A nan ba a yin haka," in ji Alhaji, ya rufe takardar. "In kana neman wanda za ka bincika bayan ita, ka nemi Nelson. Shi ke gyara mana na'urori, na sallame shi, ya tafi da fushi. Yanzu an ce har keke ya saya."

Njidda ya yi godiya ya sauko. Shekara takwas yana wannan aikin, bai taɓa haɗuwa da ɗan kasuwar da ya karanta takardar inshorarsa har shafi na tara ba. Wannan kuwa gefen shafin har ya yi baƙi don yawan taɓawa.

*

Daura da ƙofar gidan Asta, a inuwar dalbejiya, wata tsohuwa tana zaune a kan kujerar tsugunno. Ba ta jifa, ba ta zagi, idonta kawai a kan ƙofar. Mai shayin da ke gefe ya ce wa Njidda Goggo Binta ce, mahaifiyar Zulai. Tun daga maƙabarta ta aika aka ɗauko mata kujerar, ta ce nan za ta riƙa wuni har ta ga an fito da wadda ta kashe mata 'ya.

Njidda ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Kafin ya shiga ya ɗaga kai ya ga farantan sola shida a jere a kan rufin kwano, an ɗaure su da kyau, aikin gwani.

Ya zauna a zaure. Asta ta zauna a bayan labule, ƙafafunta kawai yake gani. Ya gaishe ta da Fulatanci.

"Adda Asta, jam na? Ya ƙarin haƙuri?"

"Jam, Hamma. Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah Ya ji ƙansa. Wa ya sa muku sola?"

Da alama ba ta zaci tambayar ba. "Marigayin ne. Sana'arsa ke nan. Ya ce ba zan riƙa kukan wuta ina aiki ba. Shekara uku ban san an ɗauke wuta ba sai na ji maƙwabta suna tsaki."

"Ranar da aka kwashi sunayen nan Talata ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kwana goma sha biyu da rasuwa. Kina ina?"

"Ina zan je? Tun da aka fita da shi ban taka ƙofar gida ba."

"Na duba aikinki. Ranar sadakar uku, an shigar da sakamako ɗari da tamanin da sunanki. Mata cike da gida, ke kina tsakiya a kan tabarma. Yaushe kika yi?"

Njidda ya ci gaba.

"Adda, ke ba ki fita ba, na yarda. Laftof ɗin fa, ya fita?"

Yatsun ƙafarta suka lanƙwashe a kan siminti. "Hamma, abin da Allah Ya rubuto wa mutum ba ya wuce shi. Ka rubuta abin da ka gani."

"Shekaru za a ɗaure ki."

"Na sani."

Ransa ya ɓaci, ba don komai ba sai don ya ga tana da bakin kare kanta ta ƙi. Ya taɓa ganin haka a ruga, inda makiyayi zai gwammace a ce shi ya saci saniya da ya faɗi sunan wanda ya ba aron sandarsa. Ya yi sallama ya fito, Goggo Binta ta bi shi da ido har ya sha kwana.

*

Nelson yana bakin babbar kasuwa a cikin sabon kekensa mai ƙafa uku, yana jiran fasinja. Da ya ji abin da ya kawo Njidda, sai ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta.

"Oga ya ce ni ne? Keken nan shinkafa na ne ya saya. Ranan da kana magana ɗin, ina Sunkani ina yanka shinkafa, mutum goma sha biyar suna gona na. Je ka tambaya."

"Me ya haɗa ku faɗa?"

"Na gaya masa mu sa makulli na biyu. In mutum zai shiga, sai lamba ya zo a wayan shi tukuna. Ya ce netwok ba kyau, ma'aikata za su yi ta kuka, aiki zai yi sulo. Na ce Oga, abin da muna riƙe ba lissafin buhu ba ne, asirin mutane ne. Ya ce na cika baki. Shi ke nan."

"Su ma'aikatan da gaske suna kukan netwok?"

"Netwok da sauƙi. Wuta ne wahala. Ka ga Roseline da yana Kona, taransifoman su ya ƙone, wata biyu ba wuta. Kullum kuka. Amma aikin shi bai taɓa latti ba, ban san yaya tana yi ba."

Njidda ya kira mutum uku a Sunkani kafin la'asar, duk suka ce Nelson yana gona ranar, har ya yanke a yatsa da lauje. Wannan sawun ya mutu. Bai ji zafin ɓata lokacin ba, don mahaifinsa kan ce inda mai shanu ya fi nuna maka da yatsa, je ka duba don ka huta, amma kada ka sa rai.

*

Laftof ɗin yana ofishin 'yan sanda a hannun Sufeto John, cikin leda, an manna masa takardar shaida. Sufeto ya ce masana biyu sun zo sun buɗe cikinsa, sun kwana biyu a kai, sun tabbatar babu kutse daga waje. Wanda ya shiga, da lamba ya shiga, ya sa filash ya kwafa.

Njidda bai kunna shi ba. Ya ciro shi daga leda, ya shinshina, ya duba gefe da gefe, sannan ya kifa shi a kan tebur. A ƙasan, kusa da ramin fanka, akwai ɗan guntun salatif ruwan ɗorawa, bai kai faɗin babban yatsa ba. An rubuta 47 a kai da wani abu ja mai ƙyalli. A gefensa akwai tabon danƙo wajen guda goma, inda aka manna irinsa aka ɓare.

"Naku ne wannan?"

Sufeto ya leƙo. "A'a. Mu fari muke mannawa. Wannan ai na masu cajin waya ne. Ka kai, su manna lamba, su ba ka kati mai irin lambar."

"Gidanta akwai sola shida, Sufeto. Ita kuma tana takaba."

Sufeto John ya daɗe yana kallon salatif ɗin. Ya kankare shi kaɗan da farce. "Wannan ba biro ba ne."

"Jan farce ne," in ji Njidda.

Masana biyu, kwana biyu, da kuɗin otal da na mota, babu wanda ya ga ya dace ya juya abin ya dubi ƙasansa.

*

Shagunan caji a Jalingo sun fi a ƙirga. Duk inda aka ga rumfar katako da janareta yana kuka, to akwai allo cike da soket da wayoyi rataye. Njidda ya fara daga cikin gari don kada ya yaudari kansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ranar Juma'a. Mafi yawa farin salatif suke sawa da biro. Wasu da alƙalamin maka. Wani ma alli. Ranar Asabar da hantsi ya hau keke ya nufi Kona.

A shago na huɗu ya dace, a bakin hanya, kusa da mai faci. Mai shagon, Auwal, mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, mai tsabta, mai saurin gaisuwa. Bayan caji yana tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai, don haka akwai kwamfuta a ɗan lungun da ya kare da labule. Njidda ya miƙa masa wayarsa. Auwal ya yanko salatif ruwan ɗorawa da haƙori, ya manna, ya buɗe 'yar kwalbar jan farce ya rubuta 12.

"Dabara ke nan," in ji Njidda.

"Biro gogewa yake in waya ta yi zafi, yallaɓai. Sai rigima, wannan ya ce tasa ce, wannan ya ce tasa ce. Wannan kuwa har abada."

"Kana cajin laftof? Ina da guda biyu, wuta ta hana ni aiki."

"Sosai ma. Kwanaki akwai wata madam a nan ciki da ke kawo biyu kullum da safe, ta dawo da azahar ta karɓa. Fiye da wata guda, ko caja ba ta ɓata ba. Nan amana ce."

Njidda ya zauna a benci ya jira wayarsa ta ɗauki wuta. Ya ga mata suna zuwa da yara a goye suna miƙa wayoyi, tsofaffi suna miƙawa, wata ma har tana faɗa masa lambar buɗewa don ya sa mata karatu. Kowa ya bar rayuwarsa a kan allon nan ya karɓi guntun kwali ya tafi hankali kwance. Sai ya ji tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a dawa. Da ya bar wurin ya kira Sufeto John.

*

Ranar Lahadi da la'asar aka taru a zauren Asta, tun da ita ba ta fita. Njidda ya ce kowane ma'aikaci ya zo da laftof ɗinsa. Alhaji Zainulabideen ya zauna a kujera ɗaya tilo. Nelson ya tsaya a bakin ƙofa. Roseline ta zo kai tsaye daga coci da ɗankwalinta na zumuntar mata, ta raɓe a kusurwa kusa da labulen da Asta ke bayansa. Sufeto John ya ajiye laftof ɗin Asta a tsakiyar tabarma.

"Ba zan tambayi kowa komai ba," in ji Njidda. "Ku kifa su kawai."

Aka kifa. Biyar babu komai a ƙasansu sai ƙura. Roseline ta riƙe nata a ƙirji.

"Madam Roseline."

Ta ajiye shi a hankali ta juya. Salatif ruwan ɗorawa, jan farce, 46. Njidda ya kifa na Asta a gefensa, 47. 

"Roseline, kada ki ce komai," in ji Asta daga bayan labule.

"A'a, Adda, ya isa." Hawaye ya riga maganar fitowa. "Ni ne na yi aikin shi. Mijin shi ya mutu, ba ta iya ko tashi. A wurin mu in ba ka yi aiki ba, ba albashi. Na ce zan yi nawa, in yi nata, har kwana arba'in ya wuce. Wuta ba ya Kona, sai na kai su caji. Ni ban san mutumin zai buɗe ba. Wallahi ban sani ba."

"Ta yaya ya samu lambar sirri?" in ji Njidda.

"Yana manne a ciki. Takarda. In ka ɗaga murfi za ka gani. Ni ba na iya riƙe lamban wani a kai."

Sufeto John ya ciro waya daga aljihu. "Jiya muka kama Auwal. Mun sami filash ɗin, da layukan waya tara a cikin gwangwanin madara. Ya ce da farko fim ya shiga nema, sai ya ga sunayen mutanen da ya sani. Wannan hoton a wayarsa yake." Ya ɗaga kowa ya gani. Guntuwar takarda ce mai tambarin kamfani a sama, an rubuta lambar da koren biro.

Duk ma'aikatan suka san rubutun. Mutum ɗaya ne a kamfanin ke sa hannu da koren biro.

Alhaji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Muryarsa ta sauka ƙasa. "Ranar da na zo ta'aziyya ne. Roseline ta same ni a waje ta ce za ta taimaka. Na ji daɗi. In na buɗe mata sabuwar lamba, sai na sanar da masu ɗakin gwaji, su kuma sai su ce a cire Asta daga aikin har ta gama takaba. Sai na karɓi laftof ɗin, na rubuta lambar, na kai mata Kona da motata. Taimako na yi, Malam Njidda. Marainiyar Allah ce, mijinta ya mutu."

"Na yarda taimako ka yi."

"To ka duba. In ka rubuta wannan, ba za a biya ba. Mutum sittin da uku ba mai ba su ko sisi, don ni ba ni da shi. 'Ya'yan Zulai biyu suna nan. Gida bakwai. Na ce wa Asta ta yi shiru, zan ɗauki babban lauya, ba za ta daɗe ba..."

"Ba za ta daɗe ba," in ji Nelson daga ƙofa. "Oga, kai za ka shiga mata kurkuku?"



Njidda ya juya wajen labule. "Adda Asta, shi ya sa?"

"Ya ce in na faɗa, Roseline za a kama, kuma marayun Zulai ba za su sami komai ba." Muryarta ba ta rawa. "Kwana arba'in matar nan tana aikin mutum biyu, ta kawo mini albashi har ɗaki, ko kuɗin keke ba ta cire ba. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. 'Yan uwan mijina ko buhun masara ba su aiko ba. Da wane baki zan kira sunanta a gaban 'yan sanda? Ni mijina ya tafi, Hamma. Ɗaki ne a nan, ɗaki ne a can."

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Njidda ya dubi tabon danƙon da ke ƙasan laftof ɗin nan biyu. A duk zauren babu mugu ko ɗaya, mugun yana can a tsare, amma a nan aka buɗe masa ƙofa aka riƙe masa ita.

"Ba zan rubuta ƙarya ba, Alhaji," ya ce. "Ko na so, ga Sufeto, ga hoto."

Roseline ta sa hannu ta ƙarƙashin labule, Asta ta riƙe shi.

*

Ranar Litinin aka janye tuhumar Asta. Aka rubuta Roseline a matsayin shaida, aka ɓoye sunanta a takardar da za a karanta a kotu, bisa roƙon Njidda. Alhaji ya sallami ma'aikata ya sa kwaɗo a ofis. Da azahar shugaban Njidda ya kira daga Abuja yana murna, wai ya ceci kamfani daga babbar asara, za a tuna da shi a ƙarshen shekara. Njidda ya ce ya gode, ya kashe wayar, ya ji kamar ya wanke bakinsa.

Rahotonsa da Turanci yake, kuma Abuja za shi. Babu mai karanta shi a unguwar Asta. Sai ya tuna mahaifinsa, wanda in ya gano shanu ba ya mayar da su ta bayan gari. Ta tsakiyar kasuwar Iware yake koro su da rana tsaka, yana faɗin inda ya same su. Ba don mai shanun yake yi ba, don wanda aka zarga ne.

Ya yi la'asar a masallacin unguwar. Da aka sallame ya nemi izinin liman ya miƙe. Ya ce Asta ba ta ci amana ba. Ya ce wani mai shagon caji ne ya kwashi sunayen, yana hannun hukuma, ya amsa laifinsa. Mutum goma sha huɗu ne a masallacin. Takardar Zulai kuwa ta shiga waya fiye da dubu.

"To in ba ita ba ce, me ya sa ta yi shiru?" in ji wani dattijo.

"Wani ya yi mata alheri, ta ƙi tona shi."

Aka ce Allah Ya kyauta, kowa ya nemi takalminsa. Wanda ya yi rubutu a katanga, in yana cikinsu, bai nuna kansa ba.

Goggo Binta tana nan a gindin dalbejiya. Ta ji komai, don masallacin kusa yake, tagarsa kuma a buɗe take. Wannan karon ita ta kira shi.

"Ɗan nan, zo."

Ya je ya durƙusa.

"Ka ce ba ta fita ba."

"Ba ta fita ba, Goggo."

"Shi mai cajin a gidanta ya zo ya ɗauka?"

"A'a."

"To ƙafa gare shi, abin? Wani ne ya kai masa." Ta kafe shi da idanun da suka bushe don kuka. "An ce kai ɗan mai bin sawu ne. Wa ya kai? A wace unguwa yake? Ba abin da zan yi masa. Zama kawai zan yi a ƙofarsa, ya riƙa ganina."

Njidda ya dubi ƙasa. Ya san gidan, ya san hanyar, keke ɗaya ne daga nan zuwa Kona. Tun yana ɗan shekara tara yake bin sawu, bai taɓa cewa ya ɓace masa ba alhali yana ganinsa.

"Sawun a shagon ya tsaya, Goggo," ya ce. "Ban ga inda ya wuce ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san ƙarya yake yi, shi ma ya san ta sani. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki kujerarta ta rungume. Ta dubi ƙofar Asta, ta dubi hanya ta dama, ta dubi ta hagu.

"To ni yanzu ina zan zauna?" ta ce.

Njidda ya miƙe. Ya karɓi kujerar daga hannunta, ya bi ta a baya har gida, inda 'ya'yan Zulai biyu ke zaune a bakin ƙofa suna jiran a ba su abinci.